Awon da Yaya Ya Bari

Yatsun Auta na hagu sun yi kanta, kantar ta fashe, wata ta sake fitowa, amma har yau ba ta iya danne tsirkiya uku a lokaci guda sauti ya fita garau ba. Jitar ta Yayanta ce, ja, mai aiki da lantarki, fentinta ya koɗe daidai inda hannunsa yake gogawa. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Ranar da aka raba kayansa wani ya ɗauki takalma, wani agogo, ita kuwa ta rungumi jitar, aka bar mata.

Ɗakinta ɗaya ne a hawa na uku, gado da tebur da kujerar da babu mai zama a kanta. A kantin magani take aiki, inda take wuni tana cewa “biyu da safe, biyu da yamma”, in ta dawo kuma bakinta ya mutu sai gobe. Ta jingine jitar a bakin taga, inda rana take faɗowa da la'asar, don ta riƙa ganinta daga kan gado. Duk ranar hutu sai ta ɗaure tsirkiyoyin tamau, kamar mai ita zai turo ƙofa ya ce a miƙo masa. Sifikarsa kuwa tana ƙarƙashin gado, ba ta taɓa jona ta ba.

Tsirkiyoyin sun yi nesa da wuyan jitar, har ƙaramin yatsanta yana kusan shigewa tsakaninsu. Ta san ana saukar da su, ta gani a waya. Amma a ganinta wannan tsayin shi ne abu na ƙarshe da hannun Yaya ya saita, in ta taɓa ya tafi ke nan. Sai ta zaɓi ta ci gaba da jin jiki.

Wata Asabar da hantsi siririyar tsirkiyar ta tsinke, ta tsula mata a bayan hannu. A cikin jakar jitar akwai wata tsohuwar takarda mai adireshin mai gyara. Ta bi ta har wani shago da ke matse tsakanin tela da mai gyaran waya, yana warin man inji da garin katako. Wani tsoho mai tabarau a kan hanci yana zaune yana goge wani ƙarfe.

Bayan sun gaisa ta ce, “Baba, tsirkiya ɗaya kawai za a sa min. Don Allah kar a taɓa komai.”

Tsohon ya karɓa, ya kanne ido ɗaya, ya leƙa wuyan daga kai zuwa gindi.

“Ikon Allah! 'Yata, wannan jita ce ko baka? Ai kibiya kawai ta rage.”

“Haka mai ita ya bar ta.”

“Maƙeri ne mai ita? Miƙo hannunki in gani.” Ta miƙa a kunyace. Ya dubi kan yatsun ya girgiza kai. “Kai! Wa kika yi wa laifi haka?”

Bai jira amsa ba. Babban yatsansa ya tsaya a kan wani ɗan ɓalli a kan jitar, ya shafa, ya sake shafawa.

“Tsaya. Ai na san yarinyar nan. Ta Sarkin Raki ce! Dogo, mai dariya kamar injin da ya ƙi tashi. Ina ya shige ne, ja'iri? Ya samu wani mai gyaran ko?”

Auta ta dubi ƙasa. “Yayana ne. Ya rasu, shekara huɗu.”

Keken telan da ke maƙwabtaka ya yi ta ƙara, ya tsaya, ya sake tashi. Tsohon ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

“Allah ya jiƙansa. Ni kuwa ina ta fushi da shi.” Ya mayar da tabarau, ya ce, “Ba zan canza komai ba. Abu ɗaya kawai zan nuna miki.”

Ya kifa jitar a kan tsumma, ya kwance murfin robar da ke bayanta. A cikin murfin akwai rubutun fensir: kwanan wata, da lamba.

“Duk jitar da ta bi ta hannuna, a nan nake rubuta awonta. Karanta.”

“Ɗaya da rabi.”

“Milimita ɗaya da rabi tsakanin tsirkiya da ƙarfen wuya. Shi ma sai da muka yi rigima, wai in ƙara saukarwa, yatsunsa na zafi. Me ya sa kike jin na sa masa Sarkin Raki?” Ya ɗora ɗan ƙaramin rula a tsakiyar wuyan. “Yanzu fa?”

“Huɗu... har da ɗoriya.”

“Ina kike ajiye ta?”

“A bakin taga.”

“Tsirkiyoyi a ɗaure?”

Ta gyaɗa kai.

“To, ga masu saitinki nan: rana da jan tsirkiya. Itace ne, 'yata, in an daɗe ana jansa lanƙwasa yake yi.”

Auta ta sake duban lambar da ke cikin murfin. Shekara huɗu tana gadin aikin taga, tana zubar da jinin yatsu a kansa, ta ɗauka hannun Yaya take riƙewa. Ashe abin da ya bari ya daɗe da tafiya, a gaban idonta, kuma ita ta taya shi tafiyar.

“Zai dawo?” ta tambaya.

“Wuyan? Zai dawo, in ba a yi masa garaje ba.”

Ya sa sabuwar tsirkiya, ya sassauta sauran. Ya ce akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan, ita take miƙar da shi. Ya zura wani ɗan makulli mai lanƙwasa a ramin da ke kan jitar, ya murɗa kaɗan, ya tsaya.

“Kwatan zagaye ɗaya tak, sai a bar itace ya kwana. Gobe kwata, jibi kwata. In kika matsa masa a rana ɗaya, tsagewa zai yi. In ya miƙe, sai ki sauke 'yan notin jakin nan da tsirkiyoyi suke hawa, kowace da nata. Ko za ki bar min ita kwana uku?”

Hannunta ya riga bakinta, ya kai kan jitar.

Ya yi dariya. “Jini ɗaya! Shi ma a kan bencin nan yake tarewa, ya ishe ni da surutu.” Ya tura mata makullin da rular. “Ki dawo min da kayana. Ko ba gyara ki leƙo.”

A gida ta ɗauke jitar daga bakin taga. Kan jitar ya bar ɗan tabo a bango. Lahadi ta murɗa kwata. Litinin ta dawo daga kanti, ko takalmi ba ta cire ba, ta ƙara kwata, ta ji itacen ya yi ɗan ƙas, ta zauna tana kallonsa har rana ta bar tagar. Bai tsage ba. Talata ta bi 'yan notin ɗaya bayan ɗaya, tana saukewa tana awo, har rula ta nuna ɗaya da rabi.

Ta ɗora yatsu uku. Ko dannawa ba ta yi sosai ba, tsirkiyoyin suka kwanta. Ashe haka hannunsa yake, mai taushi, mai gudun wahala. Ta yi ɗan murmushi, hawaye ya sauka a kan jan fentin, ta goge da bakin riga.

Ta durƙusa ta jawo sifikar daga ƙarƙashin gado, ta hure ƙura, ta jona. Da ta kaɗa, sautin ya cika ɗakin, ya bugi tebur da kujerar da babu kowa, ya daɗe yana karkarwa kafin ya mutu. A saman bene wani ya ja kujera. Ta saurara ko za a ƙwanƙwasa. Ba wanda ya zo.

Ta ƙara murya kaɗan, ta sake kaɗawa.