Shirun da ke Tsakanin Minshari

Maiɗinki ta daɗe ba ta kai ƙarshen layin ɗinki ba tare da ta tsaya ba, kuma keken ɗinkin lafiyarsa lau. Matsalar tana ƙuryar ɗaki. Mijinta maiburodi ne, a gaban tanda yake kwana, sai da hantsi ya dawo da ƙanshin yis a jikinsa, ya zube kan gado, ita kuma tana falo tana taka keke. Da farko minsharin ne ya ishe ta, irin wanda maƙwabta ke yi mata tsiya a kai. Daga baya ta gane minsharin mai sauƙi ne. Abin tsoron shi ne inda yake yankewa.

Sai ya ja, ya ja, sannan ɗif. Ƙafarta ta sandare a kan keke, allura a soke cikin yadi, ta kasa kunne har sai ya fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. A duk inda ta tsaya ɗin nan, ɗinkin yakan ɗan karkace, har takan duba rigar da ta gama ta ga wuraren da mijinta ya daina numfashi.

Wata ma'aikaciyar jinya da ta zo gwada riga ita ta fara gaya mata gaskiya. Ta ce maƙogwaro ne ke rufewa a cikin barci, abin yana yawa yanzu, musamman ga masu ƙiba, kuma yana gajiyar da zuciya. Ta ce ya je asibiti a gwada shi, ya rage nauyi, ya daina kwanciya rigingine. Maiɗinki ta kai masa saƙon kamar yadda aka ba ta. Gogan naka ya shafa tumbinsa ya ce wannan shaidar sana'a ce, wa zai sayi burodi a hannun ramamme? Ya ce barcin mai gaskiya ne ke da ƙara.

Da baki ya kasa, sai ta koma ga abin da ta iya. Ta ɗinka ƙaramin aljihu a bayan singiletinsa, ta cusa ƙwarƙwaron zare a ciki, don in ya juya rigingine ya tokare shi. Kwana kaɗan abin ya yi aiki. Sai wata rana ta tarar da ƙwarƙwaron a kan kekenta, an ajiye shi da ladabi, shi kuma yana can baje da baki buɗe. Ranar ta yi kuka, na haushi da na tsoro a haɗe.

A makon ne mahaifiyarta ta zo yini. Inna tsohuwa ce mai kunyar suruki, ko sunansa ba ta kama, balle ta doshi ƙofar ɗakinsa. Tana zaune tana warware wani tsohon ɗinki, minsharin na tashi, sai Maiɗinki ta lura hannun tsohuwar ya daina motsi. Da shirun ya zo, Inna ta miƙe tsam, almakashi ya faɗi daga cinyarta, ta nufi ƙuryar ɗaki ko sallama babu. Maiɗinki ta bi ta a guje, ta same ta riƙe da ƙafar surukinta tana jijjigawa da hannu biyu, tana kiran sunan mijinta da ya rasu.

Maiburodi ya farka a firgice, ya jawo zanin gado ya rufe ƙirjinsa, kunya kamar ya nutse. Ya soma gaisuwa, Inna kuwa ta saki ƙafarsa. Ta zauna a bakin gadon tana haki.

"Haka baban wannan yake yi," ta ce, tana nuna 'yarta. "Na gaji da ƙarar, na kwashe shimfiɗata na koma ɗakin yara. Rannan na farka ban ji komai ba. Wallahi murna na yi, na ce yau dai mun samu lafiya. Har na hana yara motsi, kada su tashe shi."

Maiɗinki tana cikin yaran. Ta tuna safiyar sarai, yadda suka riƙa tafiya da sanɗa suna danne dariya a bakin ƙofar Baba, har rana ta take. Ba ta taɓa sanin yana minshari irin wannan ba. An ce musu ajali ne kawai, kuma ba wanda ya sake tayar da maganar.

Inna ta tashi ta fita, ta bar su. Maiburodi bai yi wasa ba wannan karon. Ya daɗe zaune, idanunsa jajur don barcin da bai ishe shi ba, yana duban matashin kai kamar bai san shi ba. Ya tambaya a hankali ko gobe likita yana zama, matarsa ta ce yana zama. Ya gyaɗa kai, ya yi yunƙurin kwanciya, sai ya fasa.

"Ki bar ɗinkin yau," ya ce. "Zauna nan kusa da ni. In kin ji na yi shiru, kada ki jira."