Tsintau da Ƙasar Saye

Yuwan ɗari huɗu Habsatou take bin Alhaji Ma'azu, kuma duk na tuwo ne. Mutum ya zo Guangzhou sarin takalma kwantena guda, amma kuɗin malmala sai ya ce in kaya sun tashi. Kaya sun tashi, sun sauka Legas, an sayar a Kano, ya dawo, har yau dai ba su gama tashi ba.

Ita Habsatou 'yar Maraɗi ce, bazawara. A wani bene a unguwar Sanyuanli take dafa wa 'yan kasuwa abinci, ɗaki ɗaya da baranda, su zauna a tabarma su ci tuwo da miyar kuka kamar suna gidan uwarsu. Da wannan tukunyar take biyan haya, da ita take aike gida.

Ana cikin damina ta sauko da shara, sai ta ga wani abu a ƙarƙashin matattakala yana rawar sanyi. Ɗan kare ne, ko girman zakara bai kai ba, an ɗaure masa waya a wuya har ta ci nama. Matar da in ta hango kare a Maraɗi take sake layi. Ta wuce shi. Ta dawo. Ta sake wucewa. A ƙarshe dai ta zuba ruwa a murfin roba ta tura masa da ƙafa, ta ce iyakarta ke nan. To, wanda ya san iyakarsa ai ba ya komawa sama ya ɗauko almakashi.

Akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar a ƙasan benen, mai sayar da shinkafa, kowa Ayi yake ce mata. Habsatou ta yi mata nuni da hannu, ko tana son kare? Tsohuwa ta ce meyo, wato babu wurin ajewa, amma ta raka ta wurin likitan dabbobi. Aka ɗinke wuya, aka yi allura, aka karɓi kuɗin da ya isa a yi wa mutum sukutum magani. Habsatou ta dawo da shi a kwalin taliya, ta sa masa suna Tsintau.

Ita a saninta kare a waje yake kwana, ya ci ƙanzo, ya yi haushi, a zauna lafiya. Sai ta ajiye shi a baranda. Ashe wannan ɗan gata ne kafin a yar da shi. Ya ƙi ci, ya manne a jikin ƙofa yana kuka kamar jariri. In ta ɗaga tsintsiya za ta yi shara sai ya kwanta ya saki fitsari, ta gane wani ya taɓa koya masa karatu da sanda. Ta daina shara a gabansa. Ta shimfiɗa masa tsohon zanenta. Ta koma zama a bakin baranda tana yankan kuɓewa tana yi masa hira, tana gaya masa waɗanda take bi bashi. Sannu a hankali ya fara ci daga nesa, sannan daga kusa, har ranar da ya zagayo ya lashi kwanon miya da ta bari a ƙasa.

Nan aka zo wurin. Tun tana yarinya ta san kwanon da kare ya sa wa baki sau bakwai ake wankewa, ɗaya da ƙasa. Ruwa ga shi a famfo. Ƙasa fa? Ta sauka ta duba, siminti. Ta zaga bayan gida, siminti. Gari guda an shafe shi kamar tire. Sai wurin mai sayar da furanni ta je ta sayi tukunyar fure, ta tuge furen ta ba Ayi, ta riƙe ƙasar. Allah mai iko, abin da akuya take tumurmusa kyauta a gida.

Wannan tukunyar ce ta tona ta. Alhaji Ma'azu ya tashi wanke hannu, ya ga tukunyar ƙasa kusa da sabulu, ya tambaya ko shuka za a yi. Habsatou ba ta iya ƙarya ba, ta faɗa. Ya leƙa baranda, Tsintau ya kaɗa masa jela.

Sai ga Alhaji ya zama malami nan take, da miya a gemu. Ya ce mala'iku ba sa shiga gidan nan, ya ce duk abin da ya ci a baya ma yana shakkarsa, kuma abin da ake shakka ai ba a biyan kuɗinsa. Kafin la'asar labari ya gama kasuwar Canaan, ya haura ta Tianxiu. Tabarma ta fara yin fili. Waɗanda suke cin abincin titi ba su taɓa tambayar wa ya yanka ba, su ne suka fi kowa tsantseni.

Haya ta matso. Alhaji ya dawo, ya tsaya daga bakin ƙofa, wai ya zo da taimako. Ya san wani mutum mai sayen karnuka, ba ya tambaya, ba a tambayarsa.

“Hajiya, sai ki huta, jama'a su dawo. Abin da ya bayar kuma a cire a lissafina, tunda ni na kawo ciniki.”

“Alhaji, karen ne najasa, kuɗinsa ya yi alwala?”

Ta rufe ƙofa. Ta daɗe tsaye tana kallon tukunyar tuwon da ko rabi ba a ci ba. Ba ta ce ba ta yi tunani ba, ta yi. Amma ta ga wuyan da aka ɗinke, gashi ya fara fitowa.

Ayi ce ta nuna mata cewa kare na bukatar a fita da shi ya miƙe ƙafa, har ta ba ta igiya. Habsatou ta ce to. Ranar Juma'a da hantsi ta ɗaura masa, suka miƙe ƙafa har ƙofar masaukin Alhaji Ma'azu, ta samu dakali ta zauna. Ya fito cikin farar shadda, an sha guga, za a masallaci. Tsintau, da yake ba ya riƙe mutum a zuci, ya gane mai ƙanshin miyar gidansu, ya nufe shi da harshe a waje yana murna. Lungun kuwa mutum biyu ba sa giftawa.

Alhaji ya manne da bango, ya tattare riga kamar mai tsallaka kogi, yana cewa ta ja abinta, ta ji tsoron Allah. Ta ce hannunta ne ya gaji, shekaru sun ja, igiya kuma tana da santsi. Ta ƙara sakin taki guda.

Ashe kaya sun tashi. Ya laluba aljihu ya jefo kuɗin daga nesa, ta tsugunna ta ƙirga a gabansa ba gaggawa, sannan ta naɗe igiyar.

Bai sake taka benenta ba, shi da 'yan korensa. Ɗalibai da 'yan Nijar kaɗan ne suka ci gaba da zuwa, ta koma ɗora ƙaramar tukunya, aiken gida ya ragu. Tsintau kuwa ya bar baranda, a bakin ƙofa yake kwanciya daga ciki, kansa a kan takalminta.