An Rufe Hanya Saboda 'Yan Mazan Jiya

Kuna wurin, kada ku ce ba ku gani ba. Kuna tsaye a bakin titi da furen takarda maƙale a ƙirji, kuka ga tasi ta ci burki a gaban shingen 'yan sanda, kuka ji ihun mutum, kuka mayar da idonku kan fareti.

Mai ihun Tela ne. A kujerar baya, bisa cinyarsa, Baba Kofur ne kwance, tsohon sojan da ɗakinsa ke manne da shagon ɗinkin. Shekara da shekaru Tela na jin tarinsa ta bango, tarin da ya dawo da shi daga fagen daga tare da ɓarɓashin ƙarfe a huhu. Da safiyar nan tarin ya canza murya. Tela ya bar riga a bakin allura, ya banka ƙofar, ya tarar da tsohon a ƙasa tsakanin gado da bokiti, gemu duk jini.

Ga asibiti can tsallaken dandali, har ana hango tankin ruwansa.

"Yallaɓai, don girman Allah!" in ji Tela, rabin jikinsa a waje ta taga. "Mara lafiya ne!"

"Ba hanya," ɗan sandan ya ce, ko waiwayowa bai yi ba. "Manya na ajiye furanni. Ku zaga ta gada."

"Daga gadar muke!" direba ya buga sitiyari. "Can ma nan suka turo mu!"

"Soja ne fa, yallaɓai! Taron nan domin su ake yi!"

"Yau kowa kakansa soja ne."

Baba Kofur ya buɗe ido, ya yi wani guntun murmushi. "Tela, bana ma ba su gayyace ni ba ko?"

"Yi shiru, Baba, ka adana numfashinka."

"In adana wa wa? Kai da ko wandona ba ka gama ba, maƙaryacin banza."

Muryar ce ta jawo ɗan sandan. Ya leƙo, ya ga jinin, ya ga tsohon tabon da ya tsaga wuyan dattijon har kafaɗa. Fuskarsa ta sauya. Da gudu ya je ya kama shingen, ya fara ja.

Sai aka busa begila.

Lokacin shirun tunawa da mamatan yaƙi ya yi. Ɗan sandan ya saki ƙarfen, ya ƙame. Dandali ya ɗauke wuta. Direba ya dubi sojojin da ke jere da bindigogi, ya kashe mota.

"A'a! A'a!" Tela ya tura ƙofa da ƙafa, ya cusa hannu ƙarƙashin tsohon. Zai goya shi, ya ratsa ta tsakiyar faretin, in sun ga dama su harbe.

Yatsu suka damƙe masa wuyan hannu.

"Kul," Baba Kofur ya ce a hankali. "Shirun nan na yaran da muka baro can ne. Ba a motsi."

"Baba, su sun riga sun tafi! Kai kana da rai!"

"Na ce ƙame, ɗan nan."

Tsohon bai fi ƙunshin ƙyallaye nauyi ba. Da Tela ya so, da ya fizge. Bai iya ba. Ya zauna hawaye na zuba, ƙafa ɗaya a kwalta, yana jin yadda dattijon ke ƙoƙarin miƙe gadon bayansa, yana danne tarin da ke taso masa don kada ya ɓata wa matattu shirunsu. Gari duka ya yi tsit, ba abin da ake ji a motar sai numfashin tsohon mai kakari, yana ja, yana tsayawa, yana ja.

Aka harba igwa. Jama'a suka saki ajiyar zuciya, ganguna suka tashi. Ɗan sandan ya janye shingen da ƙarfinsa duka.

"Ku wuce! Maza, ku wuce!"

Direba ya kai hannu ga makulli, ya dubi madubi, ya janye hannun, ya cire hularsa.

Tela ya shafa idanun Baba Kofur ya rufe. Can saman dandali aka saki fararen tantabaru, inuwarsu ta gifta gilashin motar, suka bi ta kan rufin asibiti suka ɓace.