Igamar Aro

Mukhtaru yana zaune a kan tabarma yana cin waina da miyar taushe lokacin da aka kira matarsa Ramlatu a waya aka shaida mata ya mutu. Da Larabci aka yi maganar, irin Larabcin mutanen arewacin ƙasar mai nauyin nan, sai da askarin da ya kira ya maimaita sau biyu kafin ta gane. An tsinci gawa a sahara, can gaba da Tabuka, a aljihun rigar akwai igama, wato katin izinin zama, mai sunan Mukhtar Abubakar, ubangidansa kuma ya ba da lambarta a matsayin matar mamacin. Takardu sun iso Makka, ta zo ofishin shurɗa, wato 'yan sanda, ranar Lahadi.

Ta sauke wayar ta zuba wa mijin ido. Ya ce, "Wane ne?" Ta ce, "Malam, an ga igamarka." Ya mayar da lomar da ke hannunsa cikin kwano.

Wata tara ke nan rabon Mukhtaru da igamarsa. Ƙanin Ramlatu, Sadisu, ya shigo da bizar umara a 2013 ya ƙi komawa, aka kuwa yi rashin sa'a shekarar kame ce, ko burodi mutum zai saya a unguwarsu ta Mansur sai ya waiga. Sadisu magidanci ne, ya haura talatin, cikin raƙuma ya tashi a Maigatari, zaman ɗaki kuma yana neman haukata shi. Da aka samo masa kiwo wajen wani Balarabe a arewa, sai shingayen hanya suka zama matsala. To, aron igama ba sabon abu ba ne a unguwar nan. Hoton ƙarami ne, ya dushe, askari kuma in ya dubi baƙar fuska biyu, ɗaya yake gani. Ramlatu ce da bakinta ta yi ta roƙon mijin, kwana uku tana abu ɗaya, har ya gaji ya miƙa. Wata uku kawai, in ji Sadisu. Mukhtaru ya ci gaba da wankin motocin alhazai a Kudai da kwafin takarda a aljihu.

Duk Juma'a Sadisu yakan hau wani tudu inda waya take kamawa ya kira ta. "Yaya, nan fa ko tsuntsu sai ya yi guzuri," haka yake cewa yana dariya. Su biyu ne a tanti, shi da wani makiyayi da ake kira Abdurrahim, wanda shi ma Allah kaɗai ya san sunansa na gaskiya, don tasa igamar ta aro ce kuma ta daɗe da mutuwa. Duk wanda zai shiga gari sayen shinkafa da shayi, ta Mukhtaru yake ɗauka, tunda ita ce mai rai.

A wata na biyu kiran ya ɗauke. Da ƙyar Ramlatu ta samu mai raƙuman a waya. Ya ce ya je da tankar ruwa ya tarar da tanti a buɗe, buta a kan murhu, shinkafa ta bushe a tukunya, raƙuma sittin da ɗaya suna tsaye bakin kwami babu wanda ya ɓata, makiyaya biyu kuwa ko sawunsu. Bai kai ƙara ba, don ba a kan kafalarsa suke ba, ba shi ya tsaya musu a takardun zama ba. Ya ce ai 'yan Afirka haka suke, gudu suka yi. Ka ji fa! Mutum ya gudu ya bar bargonsa a tsakiyar wannan sahara?

Sai yanzu, bayan ruwan hunturu, masu tonon fagaa, wani abu mai kama da dankali da ke fitowa cikin rairayi, suka ci karo da ƙasusuwa a wani kwari, tafiyar kilomita arba'in daga tantin. Mutum biyu suka ɓata, ɗaya aka gani.

Kwana ukun da suka rage kafin Lahadi, wallahi Ramlatu ba ta san ɗanɗanon abinci ba. Lissafin a bayyane yake, ko yaro zai yi shi. In ta ce ba mijinta ba ne, za a tambayi ina mijin, za a tambayi yadda katinsa ya je aljihun gawa, da dalilin da ya yi wata tara bai ce ya ɓata ba. Kafin a gano gaskiya Mukhtaru ya ruɓe a tsare, in ma ba a ɗora masa kisan ba. In kuma ta ce mijinta ne, an rufe magana, a binne ƙasusuwan da sunan mutumin da ke nan yana tari a ɗaki, ba wanda zai sake neman Sadisu har abada.

Mukhtaru ya ce, "Ramla, in kin ce in je in faɗi gaskiya, zan je. Ɗan'uwanki ne."

Haushi ya turnuƙe ta. Ta ce, "Wato ni za ka bar wa zaɓin? Ka ce ba za ka je ba mana, in samu wanda zan ji haushi!" Mutumin kirki ne, abin da ya fi ba ta takaici ke nan.

Ran Asabar wayar Hajiya Ummulkhairi ta shigo. Ita ce kafilar Ramlatu, wato uwarɗakin da ta tsaya mata a takardun zama, a gidanta take girki shekara shida. Haifaffiyar Makka ce, kakanninta da ƙafa suka zo daga Haɗeja, Hausarta rabi Larabci ce. Shurɗa sun kira ta ita ma, tana kuka take magana. "Ya Ramlatu, ya miskina, lesh, me ya sa ba ki gaya mini maigidanki ya tafi shimal, can arewa, ba? Gobe ni zan kai ki, ni zan yi miki tarjama." Sau ɗaya ta taɓa ganin Mukhtaru, shi ma daga nesa, ta tagar mota. Ramlatu sai godiya ta yi.

Ofishin sanyi ƙalau, askarin dattijo ne mai furfura a gemu, bai ɗaga mata murya ba ko sau ɗaya. Ya baje hotuna a kan tebur. Ta yi zaton da ta gani za ta sani, ai ita ta goya Sadisu, ita ta yi masa wanka yana ƙarami. Ina! Ƙashi ne fari fat, rana da kuraye sun gama aikinsu, ba yatsa balle a ɗauki basma, wato zanen yatsa. Ga takalmin roba irin wanda kowane makiyayi yake sawa, ga wata jaket da ba ta taɓa gani ba, ga igamar a cikin leda, fuskar mijinta tana kallonta. Ƙoƙon kan ya tsage ta baya. Likita ya ce zai iya zama harbin raƙumi, zai iya zama sanda.

Ta daɗe a kan hoton haƙoran. Sadisu yana da wushirya, wannan kuwa na gaban sun zube. In shi ne, an kashe mata ƙani ko raƙumi ya halaka shi. In Abdurrahim ne, to Sadisu yana raye a wani wuri, sai dai kuma tambayar abin da ya hana shi kira, da wanda ya riƙe sandar. Ta rasa wanne za ta roƙi Allah ya zama.

Askarin ya yi magana, Hajiya ta fassara. "Ya ce in kina da shakka, ana gwajin jini. A ɗauki na ɗan'uwan mamaci a gwada da ƙashin, sati uku an sani. Yana da ɗa ko ɗan'uwa a nan?"

Ramlatu ta ce 'ya'yan suna Gumel wajen kakarsu. Sannan, kafin ta kama bakinta, ta ji ta ce, "Nawa fa? In an ɗauki nawa?"

Hajiya ta dafa mata kafaɗa, ta ɗauka ruɗewa ce. Ta dai faɗa wa askarin, ya girgiza kai cikin tausayi. Jinin matar aure ba ya amfani, in ji shi, sai wanda suka haɗa uwa ko uba.

Ta dubi hannunta da ya leƙo daga abaya, jijiyar tana nan kore shar a gwiwar hannu. Allura ɗaya ce tsakaninta da sani, da kalma ɗaya, ta ce ni yayarsa ce. Bayan wannan kalma kuwa motar shurɗa ce a ƙofar ɗakinsu kafin la'asar. Askarin ya tura mata takarda da tawada, ya tambaya ko ta gane kayan mijinta ne.

Ta ce, "Na'am." Ta dangwala babban yatsa. A garin Makka, da alwala a jikinta, ta yi wannan ƙarya, ta kuma san ta yi.

A can arewa aka binne shi, a wata maƙabarta da ba za ta taɓa gani ba. Mukhtaru ya tattara kayansa a buhu ya hau dutsen Nakkasa wajen 'yan garinsu, inda rabin mutane ba su da takarda, ƙarin matacce ɗaya ba zai dami kowa ba. Maƙwabta a Mansur sun san komai, ba wanda ya ce uffan, don kusan kowa yana da katin da ya taɓa bayarwa ko ya karɓa.

Hajiya Ummulkhairi kuwa mace ce mai riƙo da addini. Ta ce haram Ramlatu ta fito aiki, ta zauna ta yi takabarta, wata huɗu da kwana goma cif, direba zai riƙa kawo mata abinci. Ramlatu ta cire ɗan kunne, ta ajiye kwalli da turare, ta zauna. Ta san karatun sarai, kwana uku shari'a ta ba mace ta yi makokin ɗan'uwa, ko kwana ɗaya ba a ƙara mata. Ga shi ta samu wata huɗu, ta hanyar da ba ta taɓa nema ba.

Rana ta bakwai Hajiya ta zo da kanta da flas ɗin gahawa da dabino. Ta zauna a bakin katifa, ta ce, "Ni ban san shi ba, Allah yarhamu. Gaya mini, wane irin mutum ne?"

Ramlatu ta kurɓi gahawa ta ajiye kofin. Sannan ta ce, "Ba ya iya zaman ɗaki, Hajiya. Tun yana ƙarami. In Inna ta aike shi rijiya, sai dai a same shi a kasuwar raƙuma yana shafa musu wuya. Ni ake duka saboda shi."

Hajiya ta ce, "Subhanallah, ashe tare kuka tashi."

Ramlatu ta ce, "Tare muka tashi." Sai kukan ya zo, ta ja mayafi ta rufe fuska.