Aron Shiru a Wajen Kafinta

Tun tana ƙarama 'yan gidansu ke kiranta Rediyo, saboda bakinta ba ya hutawa. Sunan kuwa ya bi ta. Shekara bakwai ta yi tana karanta labarai a wata tashar rediyo, sannan ta ajiye aikin ta koma cin gashin kanta. Masu kamfani su turo mata rubutu, ta karanta, ta naɗi muryarta ta aika musu. Yau tallar sabulu, gobe darasin 'yan makaranta, wani makon kuma shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Ofishinta kabad ɗin kaya ne. Ta cire katakon tsakiya, ta sa 'yar kujera, ta rataye makirfo a tsakanin riguna, don tufafi na shanye amon ɗaki. Mahaifinta, tsohon direba da ya dawo wurinta tun da ciwon ƙafa ya matsa masa, bai taɓa yarda wannan aiki ba ne.

"Mutum da iliminsa ya shige kabad yana magana shi kaɗai," yakan ce. "A zamaninmu asibiti ake kai irinku."

"Baba, da ina ofis wa zai riƙa kai ka gashin ƙafa ranar Talata?"

Sai ya yi gyaran murya ya ce a miƙo masa shayinsa.

Wata Laraba, bayan kwana goma ba aiki, saƙo ya shigo daga masu buga littattafan yara. Suna so ta karanta labarin wata 'yar giwa mai tsoron ruwa, shafi ashirin, kafin ƙarfe biyar na yamma. In karatun ya yi musu, akwai wasu littattafan a baya.

Da hantsi ta shige kabad ta ja ƙofa. Ko shafin farko ba ta gama ba, kafintan da shagonsa ke jingine da katangarsu ya kama bugu. Ta jira. Ya tsaya, ta fara, ya dasa. Kafin azahar ta yi sharkaf da gumi, ta ɗauka sau goma sha uku, kowanne da guduma a ciki. A tasha da sai ta kai ƙara wajen injiniya. A nan kuwa ita ce manaja, ita ce injiniya, ita ce masinja.

Ta zura takalmi ta zagaya shagon. Kafintan dattijo ne, fensir a bayan kunne, garin katako har gira.

"Sannu da aiki, Malam."

"Yauwa, 'yar Direba. Lafiya dai?"

"Aro na zo."

"Guduma ko zarto?"

"Shiru. Na awa biyu."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "'Yata, ni ma babu mai ba ni albashi. In guduma ta yi shiru, tukunya ma shiru za ta yi."

Ba ta yi musu ba. Ta ciro waya ta kunna masa abin da ta naɗa. Murya mai taushi ta fito: 'yar giwa ta iso bakin kogi, ta miƙa ƙafa... ƙwas! ƙwas! ƙwas!

Kafinta ya sosa ƙeya. "Ashe ni ma na shiga littafi." Sannan ya ce, "To, ta shiga ruwan kuwa?"

"Ai ba ka bar ta ba."

Ya dubi kujerun da ke jere a gefe. Akwai fentin da ya ware wa gobe, shi kuwa burushi ba ya ƙara. Ya ajiye gudumar ya ce, "Je ki. Amma in kin gama, ni zan fara ji."

Da ta dawo, ta ba Baba labari. Ya ja sandarsa da kujera ya zauna a bakin ƙofar gida, fuska murtuk, ya kori mai gyaran takalmi, ya kori kaji. Biyar saura kwata ta aika da aikin, ta fito muryarta a dishe, ranta fes. Ta kai wa kafinta, ya saurara har ƙarshe, hannunsa duk fenti, ya ce giwar ta burge shi.

Ran Juma'a amsa ta zo. Sun yaba, sun ba ta littafi uku. Sai dai a sake shafi na goma sha huɗu, don can ƙasa-ƙasa ana jin wani dattijo yana daka tsawa: "Kai! A yi shiru, ana aiki a ciki!"

Ta kunna wa Baba har sau biyu.

"Ni?" ya ce, yana kaɗa cokali a kofi. "Ni ban ce uffan ba."