Ƙuri'u Uku da Makullin Kabad

A ɗakin malamai na makarantarmu mu talatin da ɗaya ne. Talatin 'yan jam'iyyar Fitila, ɗaya 'yar jam'iyyar Tsani. Ɗayar nan ni ce, malamar lissafi, kuma da ƙafata na je na yanki katina bayan na karanta manufofin kowa har shafin ƙarshe.

Ban ɓoye ba, ban kuma yi shela ba. Katin ne ya faɗo daga jakata wata safiya ina neman jan biro, Malamin Tarihi ya riga ni kai hannu. Ya ɗaga shi da yatsu biyu kamar ya tsinci mushen ɓera.

"Jama'a, duk wanda ya gaisa da Malama yau ya ƙirga yatsunsa! Ashe da 'yar Tsani muke zaune!"

A wurinsu ɗan Tsani abu ɗaya ya iya a duniya, maguɗi. Ka ba shi goma ya ƙirga, ya dawo maka da sha bakwai yana rantsuwa. Daga ranar sunana ya ɓace. In na ce alli biyar ya rage a kwali, sai wani ya tashi ya leƙa. In na ce ƙarfe goma ta yi, Malamin Tarihi ya duba agogonsa ya ce, "Ikon Allah, yau ta faɗi daidai." Ni kuma ba na barin ta kwana. Nakan ce, "Malam, ka yi mini kirki kawai, ni zan ƙirga shekarunka ranar ritaya." A yi dariya, a koma shan shayi.

Ko a gida ban tsira ba. Baba tun kafin a haife ni yake Fitila. In na dawo daga aiki yakan ce wa Umma, "Ki ƙirga cokulanki, 'yar adawa ta shigo." Umma ta ce, "Kai ka kai ta makaranta, ka ce ta karanta komai. To ta karanta."

Duk wannan wasa ne, kuma ina da baki. Abin da ba wasa ba shi ne makulli.

Ni ke riƙe da makullin kabad ɗin jarrabawa, ni ke haɗa makin 'yan ajin ƙarshe. Shekara biyu ba a taɓa samun kuskuren maki ɗaya a hannuna ba. Sati biyu bayan faɗuwar katin, Mataimakin Shugaban makaranta ya kira ni ofishinsa. Bai kalle ni ba, fankar sama yake kallo.

"Malama, ba wai ana zarginki ba ne. Amma kin san bakin mutane. Ki kawo makullin, ki ɗan huta."

"Ranka ya daɗe, na ce na gaji ne?"

"Ki dai kawo."

Na ajiye masa. Ban yi kuka a gabansa ba, sai da na kai bayan ɗakin gwaje-gwaje, can ma minti biyu ne, don ina da aji. Zango guda ina koyar da yarana, wani yana haɗa makinsu. Wata malama ta ja ni gefe ta ce in yaga katin a gabansu kawai a wuce wurin. Na ce mata na gode, na je na sa aka yi wa katin rigar leda.

Sai zaɓen shugaban ƙungiyar malamai ya zo. Mutum biyu suka tsaya: Mataimaki da Malamin Tarihi. Ɗakin ya rabe biyu, kowanne yana cewa shi ne Fitila na asali, ɗayan jabu ne. Har butar shayi sai da ta zama biyu.

Ranar zaɓe aka kawo kwalin alli babba aka huda samansa. Nan rigima ta tashi: wa zai ƙirga? Duk wanda aka ambata, ɗaya ɓangaren ya ce ai yaron wane ne. Aka zagaye mutum ashirin da takwas. Ina kujerata ta bakin ƙofa ina duba littattafan yara, sai na ji ɗakin ya yi tsit. Na ɗaga kai, ido sittin a kaina.

Malamin Tarihi ya yi gyaran murya. "Malama, ke dai ba ki da kowa a cikinmu."

"Yau kuma Malama ce? Ina 'yar Tsani?"

"Haba ƙanwata."

"Ku ƙirga yatsunku tukuna, kada a ce na rage."

Na bar su suna roƙo har na gama duba littafi uku, sannan na tashi. Na rubuta doka a allo: kowa ya rubuta sunan ɗan takara ɗaya a takardarsa, ba ƙari. Ni ba zan jefa ba.

Da aka gama na juye kwalin a kan tebur, ina ɗaga kowace takarda sama kowa ya gani. Malamin Tarihi sha huɗu. Mataimaki sha uku. Sauran ukun babu suna a jikinsu. Fitila aka zana. Mutanen nan sun saba da neman fitila a takardar zaɓe har hannunsu ya manta da rubutu, kuma kowannensu ya tabbata ai fitila gwaninsa take nufi. Ɗaya daga ciki har da inuwa da hayaƙi, kowa ya juya ya kalli Malamin Zane, shi kuma ya sunkuya yana gyara takalmi.

"Nawa ne!" in ji Malamin Tarihi.

"Naka a ina? Kai yaushe ka shigo jam'iyyar?" in ji Mataimaki.

Ana cikin hayaniya Mataimaki ya matso kamar zai duba takardun, ya rage murya. "Malama, ai ku kun san yadda ake yi. Ukun nan nawa ne. Makullinki yana aljihuna."

Na ji ƙararsa kuwa, yana kaɗa shi. Na tuna yarana, saura wata guda su zauna jarrabawa. Na tuna mai sha huɗun nan shi ya ɗaga katina kamar mushe. Sannan na buga dastar goge allo a kan tebur.

"Doka tana allo. Ƙuri'u uku sun lalace. Malamin Tarihi ya ci da ƙuri'a ɗaya."

Ɗakin ya kaure da ihu. Mataimaki ya fice. Na koma kujerata ina cewa a raina, shi ke nan, makulli sai a mafarki.

Washegari na tarar da Mataimaki tsaye a gaban teburina. Fuskar nan a murtuke.

"Ƙuri'a uku kika hana ni, ina roƙonki."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Wadda ta hana ni uku ba za ta ba wa ɗaliba maki ɗaya kyauta ba." Ya ajiye makullin a kan rajistata. "Kada ki ce na yaba miki."

"Ban ji komai ba."

Malamin Tarihi ya leƙo daga bayan butarsa. "Ƙanwata, mai irin hannunki ai asara ce a Tsani. Ki dawo Fitila mana."

"Malam, in na dawo wa zai ƙirga muku?"

Na zura makullin a zoben da ke jikin ledar katina, na ɗauki jan birona, na nufi aji suna kaɗawa tare.