Keken Likitan Awaki

Ina tsugune ina wa wata taya faci sai ga ƙanin matar Likitan Awaki ya shigo rumfata da keken mijin yayarsa a kafaɗa. Ya jefar da shi a gabana har ya kifar min da kwanon ruwa. Tayar gaba ta lanƙwashe, ga jini a hannun keken.

"Ga aikinka nan," ya ce. "Yana asibiti, wuyansa ya karye."

Kafin in miƙe ƙofar rumfa ta cika. Nan take kowa ya tuna cewa shekaranjiya an ga keken a wurina. Eh, an gan shi, mai na sa wa sarƙa, shi ke nan. Amma wa zai saurare ni? Har mai kanti, wanda bai san gaban sifana da bayanta ba, yana kaɗa kai wai shi dama ya lura ina wasa da birkin mutane. Wallahi da ba don furfurata ba da na jefe shi da famfo.

Shekara ashirin da biyu katangarmu ɗaya da Likitan Awaki. Allurar dabbobi yake yi a ƙauyukan bayan dutse, shi ya sa muka laƙaba masa sunan. Da gwiwoyinsa suka fara kuka sai ya sayi keken hawan dutse, irin mai sifirin a ƙafafun gaba, ƙarfen nan da ke nutsawa ya taso idan taya ta hau dutse. A saman ƙafar dama akwai ɗan maɓalli shuɗi. In ka murɗa shi sifirin ya sandare, in ka mayar ya yi laushi. Ni na nuna masa, amma kafin wata guda ya fi ni iyawa. A kwalta yana kulle shi don kada ƙarfin ƙafarsa ya tafi a lilo. Da ya kai bakin gangara mai duwatsu sai ya buɗe, taya ta riƙa bin ƙasa maimakon ta yi ta tsalle. Har gundurar mutane yake yi da wannan bayani, ko ba a tambaye shi ba.

Da taron ya watse na duba keken. Birki lafiya lau. Amma maɓallin a kulle yake, kuma an naɗe shi da wayar ƙarfe, naɗi huɗu, an murɗe bakin tsaf da filaya. Ba aikina ba ne, kuma Likita ba zai taɓa yin wannan shirmen ba. Na yanke wayar na sa a aljihu, raina a ɓace.

Washegari da hantsi na je asibiti. Yana kwance an tallafe masa wuya, idanu kaɗai yake iya juyawa. Na jira matarsa ta fita kiran nas, sannan na nuna masa wayar. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ba ni labari. Babban ɗansa ne, direban tirela, da ya zo hutun kwana biyu. Ya ga uban ya danna keken, gaban ya nutsa, sai ya ɗauka lalacewa ya yi. Bai tambayi kowa ba ya kulle ya ɗaure, wai kada tsoho ya faɗi. Shi kuma Likita bai lura ba, tunda dama a kulle yake barin gida. Sai da ya kai kan dutsen ya kai hannu ya ji waya. Babu filaya a jakarsa, ga saniya tana naƙuda a can ƙasa ana jiransa. Sai ya gangara a haka, taya ta yi tsalle ta kayar da shi.

"To, ai da ka sauka ka tura," na ce, har na manta a asibiti nake. "Kai da kake koya wa mutane!"

"Da na yi hakan," ya ce. "Maƙwabci, kada ka gaya wa yaron."

Na ce masa ni fa ake zagi a unguwa, sunana ne a bakin kowa, kuma da wannan rumfar nake ci da iyalina. 

"Kai za ka iya ɗauka," ya ce. "Shi ba zai iya ba."

 Na fita ina jin haushinsa kamar in yi kuka. Mutum yana kwance ko yatsa ba ya ɗagawa, amma ya iya ɗora min wannan kaya. Kwana biyu bayan nan ya cika, da la'asar.

A wurin gaisuwa na zauna, mutane suka riƙa matsawa kamar na shigo da wari. Masu kekuna suka koma wurin wani mai gyara a tsallaken titi, wanda ko hura taya bai iya ba. Matata kullum tana cewa in buɗe baki in wanke kaina, tunda shi dai ya riga ya tafi. Rannan na ce mata ta yi gaskiya, gobe zan faɗa.

Goben kuwa sai ga ɗan da kansa a rumfa. Ya rame, rigar ma ta yi masa yawa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce zai koma bakin aiki, amma ba ya son ya tafi da kowa a zuciya.

"Baba, ni dai na yafe maka," ya ce. "Na san ba da gangan ka yi ba. Ni ma na yi iya ƙoƙarina. Sai da na ɗaure masa abin nan da yake lilo, amma bai hana ba."

Wai shi ne ya yafe min! Jinina ya hau, hannuna ya shiga aljihu ya taɓa wayar. Na dube shi, ƙato da shi, uban 'ya'ya uku, yana share ido da bayan hannu yana jira in ce wani abu.

"Ka yi ƙoƙari, ɗana," na ce. "Allah ya kiyaye hanya."

Ya roƙe ni in miƙe tayar, yana so ya ajiye keken a ɗakin mahaifinsa. Bayan ya tafi na jawo shi tsakiyar rumfa, ba kowa sai ni. Na murɗa maɓallin shuɗin na buɗe, na ɗora tafukana a kan hannun keken na danna. Gaban ya nutsa a hankali, ya sake tasowa.